Awakin Yaya Bukar

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Dakta Bukar, likitan dabbobi a nan Haɗejia, kuma har yau idan na tuna abin da aka yi da awakinsa sai raina ya ɓaci.

A bayan maƙogwaro akwai wasu 'yan ƙwayoyin nama, ba su fi ƙwayar shinkafa ba. Idan likita ya zo cire maƙoƙo bai gan su ba, ya haɗa da su, sai hannun mutum ya riƙa ƙanƙamewa, shi da magani kuma har abada. Yaya Bukar yakan zuba wa awaki wani shuɗin ruwa ta jijiya kafin ya yi musu aikin wuya, ƙwayoyin su rine, wuƙa ta kauce musu. Gwargwadon ruwan da zai nuna ƙwayoyin ba tare da cutarwa ba yake nema, don asibitocinmu su amfana. 'Yan unguwa kuwa Marini suke ce masa, don kullum yatsunsa shuɗi. Shi dariya yake yi. Ni haushi nake ji.

Aikin ba ya ƙarewa da ɗinki, sai an zuba wa awakin ido wata da watanni a ga ko za su sandare. Ana cikin haka ajali ya riske shi a hanyar Kirikasamma. Da aka zo rabon gado, Kawu Ali ya leƙa garken ya ce akuya akuya ce. Na yi kuka, na roƙi a jira abokin aikinsa ya zo daga Kano. Aka ce mace da boko sai kauɗi. Ranar kasuwa aka kora awakin garin Malam Madori, dillalai har suna kushe su saboda tabon wuya.

Da Yaya zai leƙo yau, buhunan taki zai tarar a ɗakin gwajinsa. Ban ce aikin nan dole ya kai gaci ba, wataƙila ma da bai kai ba. Amma an hana mu sani, abin da ke cin raina ke nan. Duk wahalar nan, sunan tsokana kawai ya rage a bakin mutane.

Watan jiya aka yi wa 'yata Falmata aikin maƙoƙo. Ba a jima ba yatsunta suka fara naɗewa, ko cokali ba ta iya riƙewa. Kawu Ali ya zo dubiya, ya kalli hannun, ya girgiza kai.

"Allah sarki! Da Bukar na da rai, da ya san abin yi."

Na ce, "Kawu, ai abin yin kuka kora kasuwa."