Ranar da Kawu Ya Kai Ni Kufai

Na yi shekara da shekaru ina koyar da labarin ƙasa a Dutsin-Ma, ina zana wa ɗalibai taswirar ƙaramar hukumar Kurfi a allo, amma ban taɓa taka inda kakannina suka fara zama ba. Kawuna, yayan mahaifiyata, shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka san wurin. A damunar da nake ba da labari ya fara kiran jikokinsa da sunayen mutanen da suka daɗe a ƙasa. Abin ya tsaya mini a rai.

Wata Asabar na je Kurfi gaishe shi.

"Malam," ya ce, don haka yake tsokanata, "taswirar nan taka ta san Tamawa, ta san Ɗantutture. Ta san kufan garinmu?"

Na ce ba ta sani ba.

"To, tada babur."

Babbar 'yarsa ta fito daga madafa hannunta duk gari. "Baba, shekaranjiya fa aka ce an ga ɓarayin daji bayan ƙorama."

"An ce," in ji shi, yana laluben takalminsa.

Da na ƙi, ba mai ganin laifina. Amma na dube shi na ga in ba yau ba, ƙila babu wata rana. Muka kama hanya da hantsi.

Muka sauka daga kwalta. Dawa ta fi mutum tsawo dama da hagu, ba ka ganin abin da ke gabanka sai ka zo kansa. Na duba waya, babu sabis. Shi kuwa Kawu yana bayana, ya riƙe kafaɗata, bakinsa bai huta ba. Wancan dutsen a gindinsa fatake ke yada zango. Wannan fadamar da rake ake nomawa. Waccan ungwar wani malami ya kafa ta da ɗalibansa, wa da ƙane suka saɓa a kan rijiya, shi ya sa ta zama biyu. Ina cewa "to, Kawu," amma kunnena yana cikin dawa.

Mun wuce wani ƙauye da na san shi da hayaniya. Ƙofofi a rufe, ciyawa ta cinye dandali, ko kaza babu.

Kufan ba wani abin kallo ba ne. Kuka uku, tudun jar ƙasa, da ramukan marina da suka cike. Kawu ya sauka da ƙyar, ya nuna mini inda masallaci yake, da inda aka haifi mahaifiyarsa. Rijiyarsu ce ta ƙafe, ya ce, suka tashi. Na fito da littafi ina rubutawa a gurguje, idona yana kan dawa.

Sai muka ji ƙarar babura.

Uku ne, kowane da mutum biyu, bindigogi a kafaɗa. Na fara salati a zuci, ina tunanin abin da zan faɗa wa 'yarsa, in ma na samu komawa.

Na gaba ya tsaya ya daka tsawa: "Su wa ke nan? Mi kuke nema?"

Kawu ya kare ido da hannu, ya ƙare masa kallo. "Kai ba jinin maƙeran Tamawa ba ne? Wannan goshin na kakanka ne. Shi ya ƙera mani galmata ta fari."

Mutumin ya yi turus, ya sauko, ya durƙusa ya gaishe shi. Ashe 'yan sintiri ne, suna zagaya gonaki. Ni kam sai da na zauna a kan saiwar kuka.

"Baba, don Allah ku tashi," ya ce. "Wajen nan ba ya da kyau yanzu."

Suka sa mu a tsakiya har bakin kwalta. Duk hanya Kawu yana mita, wai akwai tsohuwar maƙabarta da bai nuna mini ba.

Mun isa gida ana kiran azahar. 'Yarsa tana tsaye a ƙofar zaure, ta kama hannun ubanta ta shige da shi. Da na buɗe littafin bayan sallah, layi shida na samu, biyu daga ciki ni kaina na kasa karantawa.