Farar Hoda a Lamurjen Mma

Mahaifiyata, wadda muke kira Mma, lamurje take sayarwa a bakin titin Nima, inda motocin haya na tirotiro ke tsayawa. Nata akwai citta da kanumfari har sai mutum ya yi tari. Matsalarsa ɗaya: ba mu da firiji, in ya kwana sai ya yi tsami a zubar.

Wata maƙwabciyarmu ce ta kawo mata farar hoda daga kasuwar Agbogbloshie, ƙulle a leda, ba suna ba rubutu. Ta ce, “Mma, sa wannan kawai, lamurjen ba ya lalacewa koraa, ko kaɗan.” Aka tambaye ta ma'auni, ta ce ido ne mudu. Mma kuwa hannunta a sake yake ko a gishiri.

Lamurje ya daina tsami. Amma Mma tana da wata doka da ba ta karyawa: ba ta sayar wa ɗan wani abin da ba ta sha ba. Kowane haɗi sai ta cika kofi ta shanye, da safe, ciki ba komai. Mai saye ya sha yau ya wuce, ita kullum ce.

Duba-gari, da muke kira tankas, yakan zo ya leƙa randa yana neman tsutsa, ya yi mana faɗa kan kwata. Ledar tana kan taga a gabansa, bai taɓa tambaya ba. Har yau abin yana ba ni haushi.

Da cikinta ya fara ƙuna sai ta jiƙa kanwa ta sha. Da ta fara amai muka kai ta asibiti. Likita ya ce miki ne a ciki, da na ba shi labarin hodar ya tambaye ni sunanta. Na je kasuwar wurin mai sayar da ita, ya ce shi ma a buhu ake kawo masa. Ko hodar ce, ko ba ita ba ce, Allah kaɗai ya sani, kuma rashin sanin nan ya fi ci mini rai.

Aka hana ta yaji har abada. Na ce ni zan riƙa ɗanɗana mata, sana'a ta ci gaba. Ta dube ni ta ce, “Bakinki ba bakina ba ne.” Ta wanke tukunyar ta kife. Ta yi shekaru bayan haka tana zama a bakin titin nan hannu rabbana, tana gaisawa da masu wucewa.