Malam Inza ya tafi "for good"

Malam Sahabi ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina tsaye bakin titi a Boɗinga ina jiran keke napep zuwa makaranta. Ɗansa Nasiru ne ya kira daga Shagari. Ya ce, "Malam Bello, Baba ya cika da asuba. In an sauko Jumu'a za a kai shi." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na fara rubuta sanarwar nan da Turanci saboda abokan aikinsa da ba sa jin Hausa. Yatsana ya rubuta "in this morning", sai na ji kamar yana tsaye a bayana. Na goge "in". Can kuma na goge duka, na dawo Hausa.

Waɗanda suka yi sakandare a Boɗinga a zamaninmu ba su cika saninsa da Sahabi ba. Malam Inza muke ce masa, a bayan idonsa. Shi ya koya mana Turanci, kuma bakinmu ya ƙi "the" ƙememe. In ya ce mu ce "in the morning", sai aji ya ɗauka gaba ɗaya: "in za morning". Sai ya ajiye alli ya ce, "Wai wane na Inza? Ɗan wane gari na?" Sunan ya koma kansa, ya bi shi har ritaya. Ya sani sarai.

Rabin rayuwarsa a kan 'yan ƙananan kalmomin nan ta ƙare, in da on da at. Yakan ce, "Bahaushe 'a' guda gare shi. Ita ka kai shi gida, ita ka kai shi kasuwa, ita ka kai shi ranar Laraba. Bature ya raba aikin ga ma'aikata ukku, kuma kowane da halinai."

Halin nasu ne ya wahalar da mu. A ce "in the morning", a ce "in the evening", amma da an zo dare sai "at night". Wani ya taɓa ɗaga hannu ya tambayi ina "the" ta tafi da dare.

"Ta kwanta," in ji Malam. "Mu ci gaba."

This da last da next kuwa 'yan sanda ya ce mu ɗauke su: da sun bayyana, in da on sai su gudu. Shi ya sa yatsana ya tsorata ɗazu.

Ɗalibin da ya zo karatu, "at school" yake. Mai tallan gyaɗa da ke bakin ƙofa, "at the school" take. Ranar da na ci biyu cikin goma ya miƙo mini takardata ya ce, "Bello, kai at the school kake." Sai da na kai gida na gane zagin.

In masu surutu sun yi nisa a hira, takalminsa ba ya yin ƙara. Sai dai ka ji murya a ƙeyarka: "I am right behind you." Daga nan muka san aikin "right" in ta tsaya gaban "behind", wato dab da bayanka, babu wanda ya sake mantawa.

Da na dawo makarantar a matsayin malamin Turanci, ya zauna a bencin baya a darasina na farko. Na ce wa yara "go to home". Bai ko ɗaga kai ba. Sai da aka tashi ya ja ni wurin mai shayi, ya sa aka zuba mini, sannan ya ce a hankali, "Home ba ta son rakiya. Go home, shi ke nan." Yaran ba su taɓa sanin an gyara mini ba.

Lokacin da mahaifiyata ta kwanta rashin lafiya a Dingyaɗi, shi ya riƙe mini azuzuwana har ta tashi, bai taɓa ambata ba.

Ranar da aka yi masa walimar ritaya, 'yan aji shida suka shirya abin mamaki ba tare da sun nuna wa kowa ba. Sun sayi farin ƙyalle, sun rubuta da shuɗin fenti, suka ware shi gaban baƙi: "GO FOR GOOD, SIR". Su a nufinsu, ka tafi da alheri. For, don. Good, alheri. Ina laifi?

Mu malamai muka sunkuyar da kai. Malam ya karanta, bai yi dariya ba. Ya tashi ya ce a ba shi alli, ya yi darasi a walimar kansa, shinkafa tana hucewa. Ya rubuta "for now", ya ce wannan tafiya ce ta ɗan lokaci. Ya rubuta "for good", ya ce wannan tafiyar da babu dawowa ce. Sannan ya juyo.

"Ashe kora ta kunka yi?"

Yaran suka rasa inda za su sa kansu. Wata yarinya ta fara kuka, shugaban ɗalibai ya kai hannu zai naɗe ƙyallen. Malam ya ce a ba shi abinsa. "Ku kwantar da hankalinku. For now za ni. Ina nan dawowa."

Bai dawo ba. Ya koma gida Shagari, ciwon suga ya kama ƙafarsa. Kowane zango sai ya aiko cewa zai zo ya yi wa yara darasi ko guda ɗaya ne, kowane zango iyalinsa su hana, kuma da gaskiyarsu. Shi dai abin da yake so ke nan, ya sake shiga ajin nan ya cika maganar da ya faɗa gaban yara.

Makon jiya na je duba shi. Na same shi a zaure kan tabarma, ya rame, amma ido na nan. Ƙyallen nan yana rataye a bango, shuɗin ya koɗe. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya tambayi inda na kai da 'yan aji shida. Na ce muna kan in da on da at, ga jarrabawa ta matso, har Asabar muke yin darasi.

"To Assabar mai zuwa ni ka yi musu shi."

Nasiru ya ce, "Baba, likita hwa ya ce..."

"Likita noma yah hana ni. Bai ce kar in riƙa alli ba."

Aka yi ta ja. A ƙarshe Nasiru ya yarda zai kawo shi da mota, bisa sharaɗin a zaune zai yi darasin, kuma da an gama su juya. Malam ya yi murna kamar yaron da aka ɗinka wa kayan sallah.

Da zan tafi na nuna ƙyallen, na ce Malam, kai da ba ka barin kuskure ya kwana a allo, ga shi ka rataye wannan a zaure kowa na gani. Ya dube shi ya ce, "Turancin ya ɓaci. Amma abin da yaran sunka nuhwa, shi ni ka biɗa."

Wannan ce maganarmu ta ƙarshe, in ban da sallama.

Na gaya wa ɗalibaina zai zo. Ba su taɓa ganinsa ba, labarinsa kawai suke ji a bakin yayyensu. Jiya sun share aji, sun wanke allo, sun aro kujera mai hannu daga ofishin shugaban makaranta. Tana can gaban aji yanzu haka. Gobe ce Asabar ɗin.

Ban yi kuka ba tukuna. Amma kujerar nan ta yi mini ciwo ƙwarai, kuma ni ne zan shiga in gaya musu kafin in kama motar Shagari.

A Turancin da ya koya mana, yau Malam ya tafi for good, babu gyara a jimlar. Ni kuwa roƙona ga Allah, ya karɓi fassarar yaran Boɗinga. Ya sa da alheri ya tafi, alheri kuma ya tarar. Allah ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa, ya ba Nasiru da sauran iyali haƙuri.

Duk wanda ya taɓa cewa "in za morning" a gabansa, da wanda bai san shi ba ma, don Allah ku tsaya ku yi masa addu'a kafin ku wuce.