Gayyar Zama ta Laraba

Laraba taubashiyata ce, ɗiyar ƙanwar mahaifina, saboda haka ina da ikon faɗin abin da na ga dama a kanta, kuma na sha faɗa mata tun tana da rai. Gajera ce, baƙa, mai rowar magana. Daddawa take yi a Gangara, kuma duk wanda ya taɓa saya a wurinta ya san ba ta gyara. Nakan ce mata ko gaisuwa sai ta auna ta da ludayi, ita kuma takan ce ni Wada da surutu aka yaye ni.

'Ya'ya tara ta haifa, huɗu suka rayu. Mijinta ya rasu a farin farko, na shekarar saba'in da uku. Halliru shi ne ɗanta na fari, kuma a kansa duk labarinta ya tsaya.

A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna damuwa a kansa a gaban mutane. Yawancin mata suna sassautawa idan yaro ya girma. Laraba ba ta sassauta ba. Kakarsa ce ta yaye shi ta riƙe shi, kuma har ya kai shekara ashirin da bakwai "wancan" take ce masa. Idan tana so ya ci abinci, sai ta ajiye kwano ta dubi danga ta ce akwai tuwo in akwai mai ci. Matan gari suna buga misali da kunyarta, kuma kada wani ya ce maka ba ta jin daɗin hakan, tana ji.

A farin tamanin da huɗu Halliru ya yi shuka sau uku. Ta farko bizne ce, a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka, tsuntsaye da tururuwa suka cinye. Ta biyu ta fito ta kai tsawon yatsa ta ƙone. Ta uku da ɗan geron da ya rage a ƙasan rumbu ya yi ta, ita ko fitowa ba ta yi ba. Da kaka, wadda suna kawai ta amsa, ƙyanda ta shigo gari ta ɗauki ɗiyarsa Habi, 'yar shekara uku. Bayan sadakar bakwai dangin matarsa suka zo daga Unguwar Lalle suka tafi da ita, wai ta huta kwana biyu.

Daga nan Halliru ya daina barci, ya daina cin ɗan abin da ake samu. Wata rana a gindin bishiyar bedi ya ce mini da geron shuka ta uku ya daka wa yarinyar, da tana nan. Na ce masa haba, ƙaddara ce, na tashi na bi sabgata. Abin da kowa ya ce masa ke nan, kuma har yau ina jin haushin bakina.

Sai ya fara bin gida-gida yana neman gafara. Babu wanda ya ga wani abu a ciki, domin a shekarar nan kowane saurayi haka yake yi kafin ya tafi cin rani. Mutum zai tsaya a ƙofar gida ya ce a yafe masa, a ce an yafe, Allah ya tsare hanya. Haka aka yi ta amsa wa Halliru. Ni da ya zo wurina har cewa na yi in ya kai Ikko ya sayo mini batirin rediyo.

Washegari da hantsi Laraba ta same ni a zaure. Ba ta gaishe ni ba, ba ta kuma zage ni ba, nan na san akwai magana.

Ta ce, "Wada, wancan ba tahiya za shi yi ba."

Na ce, "Mi kinka gani?"

"Mai tahiya ba ya kyauta da takalminai. Ya ba da takalmi, ya ba da hauya, ya ba da buta. Jiya kuma na gan shi tsaye bakin tsohuwar rijiya, babu guga ga hannunai."

Muka je wurin Wakili, wan mijinta, wanda shi ne babba a gidan. Ya ce taɓin iska ne, akwai wani malami a can bayan Isa mai riƙe irin waɗannan, a kai shi a sa masa mari. Laraba ta ce sai ta ga wurin da idonta. Muka tafi a ƙafa, ni da ita, muka kwana a hanya.

Rumfa ce doguwa a bayan gidan malamin. Maza wajen goma suna zaune a ƙasa, kowanne da mari a ƙafa an haɗa da gungume. Malamin ba mugu ba ne, shi ma ƙashin wuyansa a waje yake. Ya gaya mana gaskiya cewa dangin yawancinsu sun daina kawo abinci tun da yunwa ta tsananta, in za mu kawo namu mu kawo da abincinsa. Wani daga cikinsu, sa'an Halliru, yana ta roƙon ruwa da murya ƙasa-ƙasa, babu mai dubansa. Laraba ta ɗebo a randa ta ba shi. Da muka yi nisa da garin ta ce, "Ba za ni kai shi nan ba."

A kan hanyar komawa muka ratse ƙaramin asibitin Sabon Birni. Layin mata ne da yara masu kumburarrun ƙafafu, har bakin titi. Malamin asibitin, wani Bafillace mai suna Malam Yero, bai ɗago kai ba ya tambayi sunan marar lafiya. Laraba ta dube ni, na faɗa. Ya ce me ke damunsa. Sai ta fara bayani da muryar da take faɗin kuɗin daddawa, wai wani yaro ne a gidansu ba ya barci sosai, ba ya son abinci. Malam Yero ya ce a shekarar nan wa ke barci, mu dawo da shi mako mai zuwa. Ta miƙe za ta fita.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Malam, ɗanta na, na fari. Kunya ta hana ta hwaɗi. Yaron nan rijiya shika dubawa."

Ya ajiye alƙalami. Bafillace ba sai an yi masa bayanin kunya ba, sun fi mu ita. Ya sa aka ja ƙofa, ya ce Laraba ta zauna ta faɗi komai daga farko. Da ta gama ya ce shi ba shi da maganin wannan ciwo, amma ciwo ne, kuma ana warkewa. Zai rubuta takarda zuwa babban asibiti a Sakkwato, motar da ke kai marasa lafiya za ta tashi nan da kwana goma sha ɗaya. Kafin nan kada a bar shi shi kaɗai ko na shan ruwa. A kwashe igiya da wuƙa da maganin ƙwari daga gidan, a rufe rijiyar.

Ya ƙara da cewa, "Kuma a tambaye shi kai tsaye ko mutuwa yake so. Tambaya ba ta sa mutum ya aikata, shirun ne ke kashewa. Ke za ki tambaye shi, Inna."

Ta ce, "Ni? Ban taɓa zama da shi ba."

Ya ce, "Na sani."

Abin da ta yi da muka koma gida ban taɓa ganin irinsa ba. Gayya ta kira. Gayya dai kowa ya san ta gona ce: ka gayyaci mutane su taya ka noma, ka cika su da fura da tuwo. Laraba ba ta da gonar nomewa, ba ta da ko gasarar da za ta dama. Haka ta bi gidajen da Halliru ya bi, tana cewa tana gayya, zama za a taya ta. Samari duk sun watse, tsofaffi bakwai ta samu har da ni. Wakili ya ce wasan yara ne, amma shi ya fara zuwa da buzunsa.

Muka rufe rijiyar da itace da ƙaya, muka raba kwanakin biyu-biyu. Wani tsoho ya zo da tufkar igiyarsa don kada zaman ya ishe shi, Laraba ta fizge ta jefa kan rufin ɗaki. Halliru ya dube mu ranar farko ya ce, "Kawu, mi na yi muku?" Na ce babu komai, inuwar gidansu ce ta fi tamu. Bai yi dariya ba. Muna hira yana kallon ƙasa, wani lokaci ya karɓi ruwa, wani lokaci ya ƙi.

Tambayar kuwa Laraba ba ta yi ta ba. Sau nawa ina ganinta ta nufo ƙofar ɗakin, ta tsaya, ta gyara tsintsiyar da ba ta faɗi ba, ta koma. Na matsa mata, ta ce in bar ta, bakinta ne ya ƙi buɗewa.

Rana ta takwas hatsin agaji ya iso ƙofar mai gari, aka yi shela kowane magidanci ya zo da kansa, wanda bai zo ba babu rabonsa. Ni ne a kan zama, ni da tsohon nan mai igiya. Halliru yana kwance ya juya baya, numfashinsa a hankali kamar mai barci. A gidana kwana biyu ba a ɗora tukunya ba. Na ce wa tsohon mu je mu dawo yanzu. Ba mu gaya wa Laraba ba, don na san abin da za ta ce. Laifina ne, ba na wani ba, kuma ba na neman a rage mini shi.

Tana bayan gida tana sauya wa anza ruwa, 'ya'yan dajin nan masu ɗaci da muka rayu a kansu, sai ta ji gidan ya yi tsit. Ta leƙa ɗaki babu kowa. A bakin rijiyar ta same shi, ya riga ya janye ƙayar da rabin itacen. Ba ta da ƙarfin jan namiji. Zama ta yi a ƙasa ta rungume ƙafarsa da hannu biyu.

Sai bayan la'asar muka dawo da 'yan tiyoyin hatsinmu a ka, muka tarar da su a haka, mata sun yi cirko-cirko daga nesa. Daga baya ta gaya mini kaɗan daga abin da ya gudana. Ta ce masa, "Mutuwa kaka so?" Ya ce, "I, Inna." Ta ce, "To ni ba ni so." Daga nan ya yi ta magana a kan Habi da geron shuka, tana saurare, ba ta ce masa ƙaddara ce ba.

Ranar gidanta bai samu hatsi ba. Kuma kafin magariba wasu mata har sun fara cewa Laraba ta zubar da kunya, ta rungume ɗan fari tana kuka a fili. Ni da na bar shi ba wanda ya zage ni. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Ni na raka shi Sakkwato, ita ta tsaya da ƙannensa. Wata biyar ya yi a can. Maganin ya sa hannunsa rawa, maganarsa ta yi nauyi, amma ya koma barci, ya koma ci. A cikin watannin nan Laraba ta riƙa ture rabonta gaban yara tana cewa ta ƙoshi. Ƙafafunta suka kumbura, tari ya kama ta. Da bazara, kwana tara kafin a sallamo shi, ta kira ni.

Ta ce, "Wada, kai mai surutu, wagga karon ka riƙe bakinka. Kada ka hwaɗa mishi ga hanya. Kada kowa ya hwaɗa mishi shina shi ɗai. Ka tara mutanen nan tukuna."

Washegari ta cika.

Na je na ɗauko shi. Tun daga tasha yake tambayar gida ina cewa lafiya lau, ban taɓa yin ƙarya mai nauyinta ba. Da muka shiga zaure ya tarar da tsofaffin a jere kan tabarma, huɗu, ni na biyar, domin yunwa ta ɗauki biyu. Ya tsaya da ƙunshin maganinsa a hannu. Ya dubi ƙofar cikin gida, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Wakili ya faɗa masa.

Ya daɗe a tsaye. Ni idona yana kan ƙafarsa, ina lissafin yadda zan riga shi bakin ƙofa.

Can ya ce, "Ita tac ce ku zo?"

Na ce, "Ita."

Ya ajiye ƙunshin, ya zauna a tsakiyarmu, ya rufe fuska da hannuwansa masu rawa. Muka matsa kusa. Kwana arba'in muka yi ba mu bar shi shi kaɗai ba.