Sunan Tanko a Rajistar Baftisma

Ban taɓa mantawa da ranar da muka binne ƙanena Tanko ba, a shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano. Lokacin ina mai bishara a wata ƙaramar majami'a kusa da Rurum, ni ke koyar da ajin baftisma.

Ƙa'idarmu ita ce mai neman baftisma ya yi wata shida a aji. In ya yi fashi sau uku, malamin aji ya soke sunansa, sai baɗi. Na daɗe ina roƙon Tanko kafin ya shiga. Ya yi fashi huɗu, duk a lokacin girbi. Ya same ni ya ce, "Yaya, gero ne ya tsare ni, kai ma ka sani." Na ji tsoron a ce na fifita ɗan'uwana, na soke sunan. Da bazara sanƙarau ya ɗauke shi cikin kwana biyu, ba a yi masa baftisma ba.

Dattawan ikilisiya suka zauna don su yanke ko za a yi masa jana'izar masu bi. Fastonmu ya ce, "In Allah ya zaɓe shi tun kafin a halicci duniya, rashin ruwa bai rage masa komai ba. In bai zaɓe shi ba, ko a tafki ya kwana banza ne."

Baba Dauda, babban dattijonmu, ya ce, "To Fasto, mu rufe majami'a mu koma gona mana! An buɗe wa yaron nan ƙofa, shi ya zaɓi gero."

Kowa ya shiga jan ayarsa. Tun hantsi har rana ta karkata, gawa na ɗaki cikin zafi, matarsa Ladi na zaune a bakin ƙofa tana jiran amsa. Daga ƙarshe dattawa suka rinjayi Fasto. Muka binne shi a gefen maƙabarta, ba waƙa, ba wa'azi.

Rajistar ajin da na soke sunansa a ciki tana kan cinyata duk zaman nan. Ba wanda ya ce a buɗe ta, ni ma ban buɗe baki ba.

Ku da kuka gaji aikin nan, ga abin da na koya. Mutanenmu za su yini suna gardama a kan zaɓin Allah da zaɓin mamaci, amma ba mai tambayar zaɓin wanda ya riƙe biro. Na yi shekara goma sha ɗaya ina koyar da ajin bayan Tanko. Ban sake soke sunan kowa ba.