Mai Kai Kunu Gidan Makoki

A ƙauyenmu na bayan Andong, in aka yi rasuwa ba a ɗora girki a gidan, maƙwabta ne ke kai kunun jan wake. Tun ina amarya Yaya Malsun ce ke fara isa da tukunyarta a ka. Ita ke noma waken, ƙananan nan jajaye. Ta zubar da ruwan farko, ta dafa har ya narke, ta murje a rariya, ta jefa 'yan curin shinkafa. Bakinta kamar reza, amma ko wanda ba sa ga maciji da shi, ranar da ya mutu sai ta kai.

Sai ƙauyen ya fara ƙarewa. Yara suka watse birni, tsofaffi suka yi ta bin juna zuwa kabari. Da muka rage mu biyu masu iya ɗaga tukunya, tsoro ya kama ta, ba na mutuwa ba.

"Jomre, wa zai dama nawa?"

"Ga ni, Yaya."

"Ke? Kunun da ko karenku ya ƙi? Zo nan, sakarya, riƙe muciya."

Haka ta yi ta koya mini tana zagina. Kowace kaka ta ware mudu guda ta ƙulle a tsumma, ta ce wannan nata ne.

A wani asibiti a birnin Daegu ta rasu, ɗanta Sangcheol ya kama ɗakin zaman makoki a can. Na kwance ƙullin waken, na dama kunun, na naɗe tukunyar da bargo, na hau mota. A ƙofa wani mai baƙar kwat ya tare ni, wai ba a shiga da abincin waje. Ɗan ya fito, idonsa jawur.

"Inna, ki yi haƙuri, dokarsu ce. Akwai miyar nama a ciki."

"Uwarka ta ciyar da makokin gari guda, Sangcheol."

"Na sani, Inna. Ajiye shi nan, ki shigo ki yi mata sallama."

Na ajiye a bakin ƙofa, na shiga na durƙusa gaban hotonta. Kunya ta hana ni ɗaga kai. Har yau ina jin haushin yaron nan, ko da yake ban san abin da zai iya yi ba.

A tashar mota na buɗe tukunyar, kunun ya huce. Na kai cokali ɗaya baki. Ban taɓa dama mai kyau irin na ranar ba, ga shi babu wanda zai ɗanɗana ya shaida.