Fitilar da Na Ba Metir

Tun ranar da mutumin ya yi sallama a ƙofar gidanmu a Parakou ban yarda da shi ba. Ya ce tsohon malamin makaranta ne, kowa Metir yake ce masa. Wai ya buɗe ɗan ɗakin tarihi a Djougou, yana tara kayan 'yan garin da suka yi aikin jirgin ƙasa, kuma an gaya masa fitilar marigayi babanmu tana hannuna.

"Metir, yaushe jirgi ya je Djougou?" na tambaye shi. "Ni dai na san a tasharmu ta nan layin dogo ya ƙare."

"Hajiya, jirgi bai zo mana ba, amma mutanenmu sun zo masa. Ai mahaifinki ɗan Djougou ne."

Amsar ta yi kyau, kyan nata kuma ya ƙara min shakka. Na sha ganin masu bin gida-gida da daɗin baki suna kwashe tsofaffin tasoshi da takubba, su kai Cotonou su sayar wa Turawa. Fitilar nan kuwa ita kaɗai Baba ya bar min. Ta ƙarfe ce mai nauyi, da gilashi ja da kore da ake juyawa, da ita ya yi shekaru yana ba jirgi hannu.

Dangin uwata fatake ne. Ba ma ce wa baƙo a'a, ba ma kuma ba sabon abokin ciniki kaya mai kyau a karon farko. A ba shi na baya tukuna, a ga yadda zai yi da shi. Haka aka koya min a kan atamfa, haka na yi wa Metir. Na ce ya dawo jibi. Na je wurin 'yan gwangwan na tsinto wata tsohuwar fitila mai jan gilashi, na goge ta da toka, na haɗa masa da hoton Baba cikin kakin aiki, tunda hoton biyu gare ni. Ya karɓa hannu biyu, yana godiya har idonsa ya kawo ruwa. Na ce a raina, lallai ka iya.

Bayan damina na shiga mota zuwa Djougou ban sanar da kowa ba, da niyyar in kama shi. Mai babur ɗin da na tare ya san wurin, abin da bai yi min daɗi ba. Ɗaki ɗaya ne a bayan wata makaranta, a share tas. Ga guntun ƙarfen layin dogo, ga usur, ga huluna, ga tikitin kwali jere a cikin gilashi, kowanne da hoton mai shi a sama. Na bi bango kaf da ido. Babu fitila, babu Baba. Zuciyata ta ce, yauwa.

"Ina kayana, Metir? Nawa aka saya?"

Bai yi fushi ba. Ya sunkuya ya jawo kwali daga ƙarƙashin tebur, ga fitilar, ga hoton a naɗe cikin ƙyalle. Ya ce ranar da aka buɗe ɗakin an kawo wani tsohon ma'aikacin jirgi daga Kolokondé, ya duba fitilar ya tuntsire da dariya a gaban jama'a. Wai irin wadda masu gadin sito suke ratayawa ce. Mai wannan fitila bai taɓa ba jirgi hannu ba, ƙila dako ya yi a tasha, ya ari kaki ya ɗauki hoto.

"Na sauke ne don kada a ci gaba da yi wa mamaci dariya," in ji Metir. "Ba laifinki ba ne, Hajiya. Iyaye sukan ƙara wa 'ya'ya labari."

Kunya ta kama ni. Na zauna a benci na faɗa masa gaskiya. Ya saurara bai katse ni ba, amma fuskarsa ta rufe.

A makon na koma da fitilar ta ainihi. Ya juya gilashin, ja, kore, ya leƙa gindinta, ya daɗe yana kallona. Ya ce ba zai rataya komai ba sai tsohon ya duba, tsohon kuma yana kwance, sai ya samu sauƙi. Ban yi gardama ba, ba ni da bakin yi.

Da yamma na biya gidan gwaggona in gaishe ta kafin in kama hanya. Tana tankaɗe, ta kama hannuna ta rage murya.

"'Yar nan, ashe dako yayana ya yi a Parakou? Shekara da shekaru yana ɓoye mana, Allah sarki."